Koriyar Atamfar Kakata

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma ranar da kakata ta ga kanta a cikin waya tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta taɓa gogewa. Yanzu da zane nake ci da kaina, duk da haka in na zo zana tufafin wani sai ranar ta faɗo mini, in kama dariya ni kaɗai.

A unguwar Briqueterie na tashi, a gidan da ke bayan shagon babana. Atamfa yake sayarwa, teloli hagu da dama, ga hayaƙin masu nama yana shigo mana har tsakar gida. Burinsa in zauna a shago in gaje shi. Ni kuwa ba na ganin farar takarda in ƙyale ta, har kwalin da ake naɗe atamfa bai tsira ba. Da ya gaji da faɗa sai ya kafa mini sharaɗi: duk ranar da zanen nan ya jawo ƙara gidansa, ranar na ajiye fensir. Abin da ya hana shi hana ni tun farko shi ne mahaifiyarsa, wato kakata, wadda muke kira Hajiya. Mijinta take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma da ta ji ya taso mini sai ta ce ya ƙyale mata miji ya yi sana'arsa.

To, da na sami waya mai kyau sai na buɗe shafi a intanet. In yi zane da fensir, in ɗauki hotonsa, in zuba masa launi da ɗan yatsa. Na zana masallaci, na zana taksi cike da mutane yana fama da hawan tudu, ba wanda ya kula sai abokaina, su ma don kunya. Ranar nan na zana wata tsohuwa tana ciniki da mahauci, ta riƙe ƙugu, tana ce masa ƙashi ta zo saye ko nama. Kafin la'asar wayata ta ishe ni da ƙara. Tsohuwar nan kuwa Hajiya ce, maganar ma tata ce, a gabana ta faɗe ta.

Daga nan na samu hanya. Duk abin da ta faɗa a gida sai in mayar da shi zane, mutane na ta turawa juna. Ban gaya mata ba, don a ganina me tsohuwa ta sani game da intanet. A bidiyoyin koyon zane da nake kallo an nanata cewa wanda kake zanawa kullum ka bar shi da kaya iri ɗaya, don a gane shi da kallo ɗaya. Sai na zaɓa mata wata koriyar atamfa mai ganye-ganye da take yawan ɗaurawa in za ta shiga kicin. Kasuwa da ita, asibiti da ita, har zanen da na yi mata na ranar Sallah da ita.

Ranar da asiri ya tonu, sun je suna a unguwar Tsinga ita da ƙanwata. Ina shago ina auna wa wata mata yadi sai ga ƙanwar tawa ta shigo tana haki.

"Yaya, c'est grave, abu ya ɓaci. Hajiya ta gani."

Wai wata ƙawar Hajiya ce ta nuna mata a waya, a tsakiyar mata, aka yi ta dariya, ita kuwa ta miƙe ko abinci ba ta taɓa ba ta ce a tare mata taksi. Na tsorata ƙwarai, don garkuwar tawa ce da kanta za ta kawo ƙarar.

Na tarar da ita zaune a tabarma, ko mayafi ba ta cire ba. Baba na tsaye yana huci. Ya ce na mayar da uwarsa abin dariya a duniya, in goge komai a gabansa, gobe kuma in kama shago da gaske. Na ciro wayar. Sai ta ce wa ya ce a goge, in miƙo mata tukuna. Ta sa na riƙa nuna mata zanen ɗaya bayan ɗaya, tana kallo tana taɓe baki. A na mahaucin har ta so ta yi murmushi ta danne. Da muka kai ƙarshe ta ɗago ta dube ni.

"Kai, mijin banza. Ɗana mai shagon atamfa ne, ka nuna wa duniya zani ɗaya gare ni? Har ranar Sallah?"

Ashe abin da ƙawar ta ce mata ke nan, wai in abin ya kai haka ta yi magana mana, mata su haɗa mata ko turmi ɗaya. Dariyar da aka yi wa maganganunta ba ta dame ta ba, ta ce ai gaskiya ta faɗa wa mahaucin. Atamfar kicin ɗin nan ce ta ƙona mata rai. Na shiga yi mata bayani cewa ƙa'idar zane ce, da kayan ne ake gane ta. Ta katse ni.

"Fuskata ba ta isa a gane ni ba?"

Ta taɓo inda yake mini ciwo. Gaskiyar magana ban iya zana fuskarta ba, a bayan atamfar nake ɓuya. Baba kuwa ya ga ƙarar ta juya, yanzu mutuncin shagonsa ake magana, sai ya yi gyaran murya ya zauna.

Ta sa ƙanwata ta jawo akwatinta na ƙarfe. Da aka buɗe, ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin. Ta riƙa ɗago atamfofi da leshi tana ba da tarihinsu: wannan ta bikin babana ce, wannan da ita ta sauka daga Makka, wannan marigayi kakana ya sayo mata ta ƙi ɗaurawa har ya rasu don launin bai yi mata ba, yanzu kuma ta fi son ta a kan duka. Sannan ta yanke hukunci. Ba za a goge komai ba, ba kuma zan daina ba, sai na wanke ta. Kowane sabon zane da sabuwar shiga, ita za ta zaɓa. Baba ya buɗe baki, ta ce masa shi ya koma shagonsa.

Wahalar da na sha bayan nan ita ta mayar da ni mai zane. Tunda kaya na canzawa, dole na koyi ita kanta: yadda take karkata kai in za ta yi gatse, tsagar da ke kumatunta, yadda take tura ɗaurin ɗankwali gaba in ranta ya ɓaci. Takan zauna mini da hantsi tana mita wai na ƙara mata hanci. In na saka zanen, sai ta ce in karanta mata abin da mutane suka rubuta, wanda ya yabi atamfar ta sa masa albarka, wanda ya yabi zanena kawai ta ce bai da ido. Mata suka fara zuwa shago da waya a hannu suna neman irin ta Hajiya. Baba bai taɓa cewa ya janye sharaɗinsa ba, sai dai wata rana na ji yana tambayar ta wace za ta ɗaura a zane na gaba.

Da Allah ya yi mata rasuwa aka raba kayan akwatin, kowace atamfa ta kama gabanta, wasu unguwar Nkomkana, wasu har arewa. A wurina kaɗai suke haɗe, kowace da Hajiya a cikinta. Koriyar ta kicin ba wanda ya nema, ni na ɗauka.

Abin da na koya shi ne, mutumin da kake zanawa yana da ta cewa a kan yadda duniya za ta gan shi, komai yawan masu yaba maka a waya. Tun daga ranar ban ƙara saka zanen kowa ba sai na nuna masa, kuma tambayata ta farko ita ce wace tufa yake so a gan shi da ita.