Ranar da Ari Rediyo Ya Ɗauki Surukinsa a Adaidaita

A unguwarmu ta Zango, in ka ce Ari sai a tambaye ka wanne, don muna da su har huɗu. In ka ce Ari Rediyo kuwa, ko awakin unguwa sun san ƙofar gidansa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu, kuma gajera ce, shi ya sa labarinsa bai taɓa yi mini wuyar samu ba.

Babarbare ne gaba da baya, amma a nan Damagaram aka binne cibiyarsa. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi aji huɗu, mushensu, wato malaminsu, ya gaji da surutunsa, shi ma ya gaji da bulalar mushe, suka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Ya yi tallan goro, ya yi kamasho a tashar Mirriya, daga baya ya hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya. A kan kabu-kabun ne wata rana wani nasara mai faffaɗar hula ya ce ya kai shi Birni, tsohuwar unguwar fada, ya ga tsofaffin gidaje. Ari ya kai shi, ya yi awa uku yana zuba da Faransancin aji huɗu, inda kalma ta ƙare masa ya cike da hannu. Nasaran ya tafi yana murna. Tun daga ranar Ari ya ce shi gid ne, mai nuna wa baƙi gari.

Hanyarsa ɗaya ce, ba ta canzawa. Da safe a shiga Birni ta tsakanin duwatsu, a tsaya ƙofar fada a gaida dogarai, a bi lunguna a ga gidaje masu zane a bango. Daga nan a gangara majema inda ake jeme fata, ya ce wa baƙi su toshe hanci, shi ko ya ce ƙanshin arziki ne. In ranar kasuwar Mirriya ce, a wuce can wajen masu tukwane, a dawo kafin magariba. Kowane gini ka nuna masa, shekararsa ɗari uku. Ko makewayi ne, ɗari uku.

Da nasaru suka daina zuwa, sauran gid-gid suka watse, wani ya koma sayar da katin salula, wani ya tafi Agadas. Ari ya sayar da babur ya haɗa ya sayi adaidaita, ya koma kan mutanen gida: ma'aikatan da aka turo misiyon, wato aikin 'yan kwanaki, daga Yamai, 'yan biki daga Kano da Katsina, malaman lakwal. Mutanen Yamai suna da gaisuwarsu ta daban a wurinsa. Kafin su zauna sai ya ce, "Tun ba a san Yamai ba nan ne babban birnin ƙasa. Ku ƙannenmu ne, ku shiga, ba za mu riƙe ku da laifi ba."

Mutum ɗaya ne a duniya bai yarda wannan sana'a ce ba, shi ne Baba Tanimu, mahaifin matarsa Rakiya. Manomi ne a wani ƙauye gaba da Mirriya, mai gero da dawa da gyaɗa. Ya ba Ari 'yarsa lokacin yana kabu-kabu, ya ce ko ba komai yana kai mutane inda za su. Amma ka ɗauki mutum daga inda yake, ka yi ta zagayawa da shi, ka maido shi inda ka ɗauko shi, sannan ka ce ka yi aiki? Shekara goma sha tara yana wannan tambaya. Bai taɓa yi wa Ari ita ido da ido ba, ta bakin Rakiya take zuwa, tare da buhun gero. Har gona ya ware, ya ce tana jiran ranar da mijin Rakiya zai yi hankali.

Bara bayan kaka aka kawo Baba Tanimu wurin likita za a cire masa yanar ido, ya sauka gidan Ari sati biyu. A satin nan biyu na ɗauka maƙwabcina ya yi tafiya, don ko tarinsa ban ji ba. Da sassafe zai cire takalmi tun daga ƙofar ɗakinsa, ya durƙusa nesa, ya gaida tsoho kansa a ƙasa, ya sulale. Abincinsa a shagon mai shayi. Haka ake yi da suruki, kowa ya sani, amma na Ari ya fi na kowa, don shi bakinsa ne duk jarinsa.

Da aka kwance bandeji ido ya washe, Baba Tanimu ya dubi tsakar gida, ya dubi adaidaita a zaure, ya ce da 'yarsa, "Ki ce wa mijinki gobe zan bi shi in ga wannan aiki da idona, tunda Allah ya maido mini shi. In aiki ne, na rufe bakina har abada. In ba aiki ba ne, gona tana nan, damina mai zuwa ya zo ya kama hauya."

Rakiya ta kai saƙo zaure. Ari, da yake tsoho ba ya ganinsa, sai ya miƙe ƙirji.

"Ki ce masa na yarda. In bai ce aiki ba ne, in sayar da adaidaitar nan in bi shi ƙauye."

"Malam, ka yi tunani dai."

"Wane tunani? Ni da na sa nasara ya yi hawaye a majema?"

"Wari ne ya sa shi hawaye," in ji Rakiya.

Ya faɗa da ƙarfi, mu na bayan katanga duk mun zama shaidu. Abin da ya manta shi ne, a shekara goma sha tara bai taɓa haɗa kalma goma a gaban tsohon nan ba.

Washegari ranar kasuwar Mirriya ce, kuma yana da baƙi biyu daga Yamai, Mushe Alkasum, wani ma'aikacin biro, wato ofis, da ya gama misiyon, da matarsa Madam Zuwaira. A otel aka ba su lambarsa, aka ce musu mutumin nan ba ya tsayawa ko numfashi. Ari ya je ɗaukar su da Baba Tanimu zaune a baya. Aka sa Mushe a tsakiya, Madam a gefe. Ari ya buɗe baki zai yi gaisuwar ƙannenmu, idonsa ya faɗa madubi, ya ga farin rawanin surukinsa. Abin da ya fito shi ne, "Bisimilla."

Takalminsa kuwa yana ƙarƙashin kujera tun daga gida. Da ƙafa tsirara ya ja su har Birni.

A ƙofar fada suka sauka. Wurin da Ari yake yin rabin awa yana jera sarakuna har dogarai su ce ya isa. Ya tsaya taku uku bayan surukinsa, hannu a baya, ya ce, "Fada ce."

"Mun gani," in ji Mushe Alkasum. "Sai me?"

"Tsohuwa ce."

Madam Zuwaira ta dube shi daga hula zuwa ƙafa. "Malam, ba kai ake ce wa Rediyo ba? Ko batir ne ya yi sanyi?"

Ari ya yi murmushin wanda haƙori ke ciwo. Ya yi dabara ya ja Mushe gefe zai raɗa masa labari a kunne, sai ga tsoho ya tako da sandarsa. "Ku jira ni mana, ni ma kallo na zo." Bakin Ari ya sake rufewa. Wani dogari da ya saba tsokanarsa ya tambaye shi ko azumin magana yake, ya ce a'a, mura ce.

Suka shiga lunguna. Rana ta fara dukan ƙasa, Ari na tafiya yana ɗaga ƙafa kamar kaza a kan toka mai zafi, yana lissafin yadda hauya za ta yi da tafin hannunsa, wanda rabonsa da abu mai nauyi tun buhun goro. Suka isa wani gida mai zane a bangon gabas, gidan da ya fi so a duk Birni. Madam ta ɗaga salula tana ɗaukar hoto.

"Wannan shekararsa nawa?"

Ari ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Ɗari uku."

Baba Tanimu ya matsa, ya kanne tsohon idon, ya duba da sabon. Ya ɗora tafinsa a bangon ya shafa.

"Wannan bangon?"

"Na'am, Baba."

"To ni ma shekarata ɗari uku da ashirin ke nan. Cin ranina na biyu muka yaɓa shi, ko aure ban yi ba."

Mushe Alkasum ya juya fuska yana tari. Ari ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Madam kuwa ta juyo da salula kan tsoho. "Baba, da hannunka? Yaya kuka yi?"

Shi ke nan, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Tsoho ya jingina sanda ya fara. Ya ce maginin wani gurgu ne ɗan Birni, Ɗanƙarami, mai zafin hannu. Ya faɗi yadda suke kwaɓa ƙasa da ƙafa kwana da kwanaki, yadda ake jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a zuba ruwanta a yaɓe don kada damina ta cinye shi, da yadda Ɗanƙarami yake fitar da zane da bakin cokali tun ƙasa na da ɗanye. Ya nuna musu wani wuri can ƙasa inda layin ya karkace. "Nan gwiwar hannuna ce. Na juya zan karɓi fura na goge shi. Marin da na sha, har yau in an yi sanyi kunnen nan yana tuna mini." Ari ya wuce wurin nan ya fi sau dubu, yana ce wa baƙi alamar sarauta ce.

Daga nan Ari ya zama direba kawai. A majema tsoho ya yi bayanin bagaruwar da ake jiƙa fata a ciki, don daga ƙauyensu ake kawo ta buhu-buhu. A Mirriya ya san masu tukwane da sunayen iyayensu mata. Ya ƙwanƙwasa tulu da yatsa ya ce wannan zai yi sanyi, wancan ya tsage a ciki, mai tulun ta ce Baba ka rufa mini asiri. Madam Zuwaira ba ta bar shi ya huta ba. Me ya sa wannan ja ne wancan baƙi? Ina ake haƙo yumɓun? Waye ya fara? Kafin azahar tsoho ya nemi ruwa sau uku, muryarsa ta fara shaƙewa.

Da aka zauna cin abinci a inuwa, Ari ya ce ya ƙoshi, don ba a ci a gaban suruki. Ya zagaya bayan adaidaita da ƙosai uku a takarda. Ya kai na farko baki ke nan sai ga tsoho ya zagayo neman buta. Ƙosai ya shige aljihu. Da tabon mai a gaban riga ya dawo da su gari.

A ƙofar otel Mushe Alkasum ya riƙe hannun tsoho da hannu biyu ya ce, "Baba, kai ne gid ɗin. Wannan kuma Allah ya ba shi lafiya." Madam ta ƙara da cewa Ari ya riƙa shan citta.

Da safe na leƙa na ga Ari a zaure yana goge adaidaita, irin gugar da ake yi wa abin da za a kai kasuwa. A tsakar gida tsoho na zaune kan tabarma, ƙafafunsa cikin kwanon ruwan ɗumi. Ya kira Rakiya da wata murya kamar ta tsohon zakara. Ari ya tsaya da tsumma a hannu.

"Ki ce wa mijinki aiki ne. Na fi shekara sittin ina noma, ban taɓa tashi da ciwon muƙamuƙi ba sai yau. Gero ba ya tambayar ka me ya sa. Matar nan ta yi mini tambaya ta fi ɗari, shi kuma kullum haka yake sha."

"To Baba, ai bai yi magana ba jiya."

"Na gani, ido gare ni yanzu. Mutum ya yini da yunwa, ƙafa ba takalmi, yana kallo abincinsa zai tafi, bai ɗaga murya a gabana ba. Ba ni zan raba shi da sana'arsa ba. In na kai shi gona ma, kullum muna kusa, kurma zai zama." Ya motsa ƙafa cikin ruwa. "Abu ɗaya. Ya daina tsufar da bangona."

Rakiya ta zo zaure za ta maimaita, Ari ya ɗaga hannu ya ce ya ji. Ya sa takalmi, ya tura adaidaita waje, bai tayar da ita ba sai da ya kai bakin titi. A wurin mai shayi ya rama bashin maganar sati biyu, har ya gaya musu shi ya shirya abin da gangan don tsoho ya motsa jini.

Gonar an ba ƙanen Rakiya. Ari yana nan yana zagayawa da mutane yana maido su inda ya ɗauko su. Fada ɗari uku, majema ɗari uku. In an iso gidan nan mai zane sai ya ce, "Gidan ɗari uku ne, ban da bangon gabas. Wannan na surukina ne, sittin da 'yan kai, ga gwiwar hannunsa nan." Waɗanda suka bi shi sun ce a wurin nan kaɗai yake rage murya, sai ka matso kafin ka ji, alhali tsohon yana can ƙauye yana sheƙar gyaɗarsa.