Shekarar da Dogo ya rataye tsintsiya

Dogo mai gyaran takalma ya shiga gidan hayar nan tun gashinsa yana baƙi. Ɗakinsa ne na kusa da ƙofa, teburinsa kuma a tsakar gida, da guduma da basilla da gwangwanin gam. Lokacin ko ciyawa babu a wurin. Shi ya samo dashen ɗinya ya kafa a gefen rariya, yana ba ta ragowar ruwan wankansa.

Ɗinya ta girma ta rufe rabin gidan. Mata suna wanki a ƙarƙashinta, yara suna karatu, shi kuma yana ɗinkinsa. Aibinta ɗaya: da rani sai ta zubar da ganye tas, kamar an yi mata aski, kafin ta sake toho. Dogo ne ke sharewa. Kafin kowa ya buɗe ƙofa ya gama, ya kwashe, ya zura hannu ya yashe bakin rariya. Ba wanda ya sa shi, shi ma bai taɓa faɗa ba. Mutum ne mai saurin hawa, amma ba a kan wannan ba.

Da mai gidan ya rasu, autansa ya karɓi kula da gidan. Wata ranar rani sai ga Auta da tukwanen filawa a bayan mota. Kowace tana da gindi kamar tulu, da 'yan rassa gajeru, da jan fure a kai.

"Baba, ka ga 'yar sahara," in ji shi. "Ba ta da shara, ba ta damu da ruwa ba. Ka manta da ita sati guda, ba za ta yi fushi ba. Sare itacen nan za mu yi, mu jera waɗannan."

Dogo ya ɗago ido daga takalmin da ke cinyarsa.

"Wa zai zauna a inuwarta? Ƙadangare?"

Matar direba, mai ɗakin ƙarshe, ta fashe da dariya. Ita ce ke tsokanarsa da angona tun zuwanta gidan. Ta tsame hannu daga baho ta ce, "Haba Auta, a ina kake so mu yi wanki? Fure ba ya tare rana. Ka bar wa angona amaryarsa."

Sauran mata suka sa baki. Auta ba mugu ba ne, ya sosa ƙeya ya ce to, ya bari.

"Ni dama ku nake tausaya wa," ya ce da matan. "Kullum kuna fama da sharar ganye."

Ba wadda ta gyara masa. Wata ma cewa ta yi, "Ai ba komai." Ya jera tukwanensa a jikin bango ya tafi.

An bar wa Dogo itacensa. Da wani ne, da ya yi hamdala ya ci gaba da ɗinki. Shi kuwa ya wuni yana buga ƙusa kamar da ita yake faɗa. Ai ba komai! Gashinsa ya yi fari a kan wannan sharar, bayansa ya ranƙwafa, yau a gabansa an ɗauke ta an ba wasu, sun kuma karɓa. Washegari ya rataye tsintsiya a ƙusa.

Ganye ya fara taruwa. Da farko yara suka ji daɗi, suna tsalle a ciki. Daga baya ya kai idon sawu. Matar direba ta fito da tsintsiyarta, ya daka mata tsawa.

"Ajiye!"

"Angona, lafiya?"

"Kar ki ƙara ce min angonki. Ajiye, na ce. Bari Auta ya zo ya gani da idonsa, sannan ku gaya masa wa ke fama."

"Shi ke nan abin? To mu ce kai ne mana, Baba. Wa bai sani ba?"

"Ranar ina bakinki yake?"

Ta ajiye. Tsoho ne, kuma gaskiyarsa ce. Sai dai Auta bai zo ba, ya yi tafiya. Tukwanen nan kuwa suna jikin bango, ba mai ba su ruwa, suna ta fure abinsu. Duk safiya Dogo sai ya harare su.

Ruwan farko ya zo da wuri a shekarar, da rana tsaka, Dogo ya tafi sayen fata. Ruwan ya tattara ganyen gaba ɗaya ya kai bakin rariya ya toshe. Kafin ya dawo, tsakar gida ta zama tafki. Ya tarar da matar direba tsaye a ƙofar ɗakinta, ruwa har ƙwauri, katifa ta jiƙe, buhun gari ya zama kunu, littattafan 'ya'yanta suna yawo. Ba ta tsokane shi ba, ba ta kuma zage shi ba. Ya tuɓe riga ya durƙusa ya zura hannu a rariya, yana zagin ganye, yana zagin ruwa, yana zagin Auta. Sunansa ne kaɗai bai kira ba.

Da Auta ya dawo, ba Dogo ne ya ta da maganar sare itacen ba. Matan ne suka same shi.

Ranar da mai sara ya zo, ɗinyar ta cika da sabon ganye. Dogo ya fito ya tsaya yana kallon inda yake shirin sa gatari.

"Kai, ba nan ba! So kake ka kayar wa mutane a kan rufi? Ɗaura igiya a wancan reshen, ka fara ta ɓangaren ƙofa."

Ya riƙe igiyar da kansa har ɗinyar ta faɗi. Auta ya matso, murya ƙasa ƙasa.

"Baba, ashe kai ne ke sharewa. Wallahi ban sani ba."

"Yanzu ka sani," in ji Dogo. "Matsa, ka taka min basilla."