Motar da Shanu Suka Sani

Noeleen Pratley ta tsufa a gonar shanunta da ke yammacin Queensland, ita da wata tsohuwar a-kori-kura mai tari kamar mashayin taba. Da ita take zuwa kasuwa da coci, da ita take kai wa shanu ciyawa duk shekarar fari. Da sun jiyo ƙugin injin, sai su taso a guje.

Tana kwance a asibiti ɗanta Darcy ya zo daga birni, ya sayar wa maƙwabci motar, ya ajiye mata sabuwa fil mai amfani da lantarki.

Da ta warke, ta lodo ciyawa ta shiga makiyaya. Motar shiru kamar gawa, ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Ta danna oda, sai ma suka firgita suka watse.

Ta dawo wurin Darcy tana huci. "Wa ya aike ka? Ciwo na yi, ba mutuwa ba!"

"Haba Mama, wancan gwangwanin? Ko birkin kirki ba shi da shi."

"Gwangwanin da ya yi ta kai ka makaranta, marar kunya!"

Ba ta rufe baki ba sai ga maƙwabcin ya wuce a tsohuwar motar, tana tarinta. Garken gaba ɗaya ya kwasa ya bi shinge yana kuka.

Noeleen ta nuna su da baki. "Ka gani? Dabba ma ba ta manta wanda ya ci da ita."