Layukan Maigida

A ofishin, Anti kowa yake ce mata, har shugaban sashe da ya girme ta. Teburinta na jikin taga, kusa da fankar da ke kuka kamar akuya. Ita da mijinta suka gina manhajar da ke karanta umarnin da masu shirya kwamfuta suka rubuta, ta aiwatar da shi layi bayan layi. Yawanci shi ya rubuta, ita ke bin bayansa tana tsintar kurakurai, suna faɗa kamar harshe da haƙori.

Manhajar tana raba aiki zare-zare, wato ƙananan ayyukan da za su iya tafiya tare, amma mijin ya sa mata makulli guda babba: sai zare ɗaya ya gama ya fito kafin wani ya shiga. "Gidan da ke da banɗaki ɗaya ba a rasa zaman lafiya, sai dai layi," haka ya rubuta a gefen umarnin. Mutum ne mai barkwanci ko a inda ba mai gani.

Bayan rasuwarsa masu amfani da manhajar suka fara ƙorafin jinkiri, wasu suka koma wata. Shugaba ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Anti, makullin nan fa sai an cire. Ke kaɗai kika san cikinsa."

Ta sani. Ta kuma san tsarin aikinsu: kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Kullum da safe takan buɗe ta ga sunansa jere a gefen allo, ta ce masa ina kwana a zuci. Duk layin da ta gyara, sunansa zai goge, nata ya hau.

Ta yi ta kewaye-kewaye, tana neman ta bar ko kaɗan. Ina, makullin ya yi jijiya ko'ina. Ta bar wani yanki, zare biyu suka cafki abu ɗaya, komai ya tsaya cik. Sai ta zauna ta yi aikin tsakani da Allah, don ta san da yana raye ba zai yafe mata ha'inci ba.

Ranar da gwaji ya wuce lafiya, ofis ya ɗauki tafi. Shugaba ya leƙo allonta yana murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, Anti. Kin share shi tas, ko layi ɗaya na tsohon tsarin bai rage ba."

"Na gani," ta ce. Ta nemi izinin tashi da wuri.