Farin da Ke Cikin Kwalba

A masana'antar rinin yadi, kowa Baban Durom yake kiransa. Da shara ya fara tun yana saurayi, ya koma ɗaukar kaya, da gwiwa ta fara ƙara sai aka ba shi ɗakin haɗa sinadarai, inda akwai benci da inuwa. Da aikin nan yake riƙe da gidansa, har da marayun ƙanensa. Sharaɗin ɗakin ɗaya ne: dole idon mai haɗi ya zama garau. Shi kuwa kwanan nan hazo-hazo yake gani, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ana haka aka kawo sabon sinadari mai kauri kamar mai, wanda ke sa ruwa ya ratsa zare kafin rini ya hau. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda yake kira 'yata, ta faɗa masa ƙa'ida. Safar hannu da tabarau dole ne. Shi ake tsiyayawa cikin ruwa ana motsawa, in aka yi akasin haka sai ya cure kamar ƙaro. In ya zube a rufe shi da yashi a kwashe, don santsinsa na karya ƙugu.

Wata safiya ruwan famfo ya yi sanyi, sai ya ɗebo mai zafi a bokiti, a ganinsa zafi ya fi narkar da abu. Yana tsiyaya sinadarin, bokitin ya koma fari fat kamar madara. Ya goge tabarau da gefen riga, farin na nan. Ya ɗiba a kwalba, ya je ya tsaya a ƙofar shugaban sashe har shugaban ya gama doguwar wayarsa.

"Ranka ya daɗe, kaya ya lalace. Dubi farin."

Shugaba ya ɗaga kwalbar sama. Ruwa ne garai, har ana hango taga ta cikinsa.

"Wane farin, Baba?"

"Wallahi yanzun nan fari ne."

"To ina ya tafi? Ko shanyewa ka yi a hanya?"

Baban Durom ya roƙe shi ya zo ya ga bokitin da kansa. Sai bayan cin abinci shugaba ya leƙo, ya tarar bokitin ma ya washe. Ya dubi Baban Durom ya ce, "Anya idon nan lafiya? Gobe ka koma gadin ƙofa tukuna."

Baban Durom ya koma ya zauna a benci. Shi kansa ya fara shakka: a bokiti farin yake, ko a idonsa? A nan ma'aikaciyar gwaji ta same shi.

"Baba, wa ya rasu?"

Da ya ba ta labari, ta kira shugaba, ta tsoma kwalbar cikin ruwan zafi. Nan da nan ta yi fari.

"'Yata, ke ma kina gani?"

"Ina gani, Baba. Halin sinadarin ke nan. In zafi ya yi yawa sai ya rabu da ruwa, in ya huce su shirya. Bai lalace ba."

"Wato sai ya ji zafi yake fushi?"

"Kamar shugaba," in ji ta.

Shugaba ya yi tari, ya ce Baba ya ci gaba da zama a ɗakin haɗi, amma sai likitan ido ya duba shi. Baba bai san ko godiya zai yi ko roƙo ba, sai ya yi duka biyun.

A gida maiɗakinsa ta tambaye shi yaya aiki.

"An ce ba laifina ba ne, ba kuma laifin kayan ba. Amma sai na ga likita."

"To likitan na mene ne?"

Ya cire takalmi, ya ce ta bari ya ci abinci tukuna.