Wanda Ke Zama a Bayan Jirgi

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a nan Riyad, garin da yake yi wa tsiya cewa ko kwaɗo ba zai yarda ya kwana a cikinsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan watan nan ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru, amma bana shirun ya gagare ni, domin akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. 'Yarsa Rukayya ta samu gurbin karatu a gida Najeriya, ta kuma ce da zarar ta sauka sai ta je Yawuri, ta haye kogi ta ga kakarta. Mahaifiyarta, Hajiya Luba, ta ce in hana ta, tunda ni ne uba yanzu.

Mu Sarkawa ne, a bakin ruwa aka yanke mana cibiya. A gidanmu akwai ƙa'idar da ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini, na dai tashi na tarar da ita: babba a bayan kwale-kwale, ƙarami a gaba. Na baya shi ke juya jirgi, shi ke karanta ruwa, shi ke da magana. Na gaba nasa ƙarfi ne kawai. Muddin yayanka yana cikin jirgi, ba ka da hurumin zama a baya. Haka na yi furfura ban taɓa juya jirgi ba, ina kuma kiran kaina ɗan ruwa ba kunya.

Neman abinci ya kawo mu Saudiyya. Yaya yana tuƙa tankar ruwa a wuraren gine-ginen Dir'iyya, ni ina tsaron shagon kayan mota a Al-Shifa, Hajiya Luba kuma nas ce a wani asibiti. Shi ya fara jin labarin wata ƙungiyar masu tuƙin shaƙatawa da ke haɗuwa ranar Juma'a da sassafe a wani tafki bayan madatsar ruwa, kudu da gari. 'Yan Filifin ne da Misirawa da 'yan Sudan da 'yan ƙasa kaɗan, suna shiga wasu ƙananan jiragen roba da ake kira kayak, filafilinsu mai baki biyu. Ranar farko ya dawo yana dariya, wai ya ga manya da gemu suna wasa a cikin bahon wanki. Mako na biyu ya biya kuɗin shiga. Nakan bi shi jefi-jefi idan shago ya bar ni, in zauna a gaba kamar yadda na saba. Sauran Juma'o'in da Rukayya yake tafiya.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a wurin aiki, ba jinya ba sallama. Rukayya tana 'yar shekara goma sha biyar a lokacin, kuma maganarta ta ɗauke gaba ɗaya. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta cin abin kirki. Bayan an yi sadakar arba'in ta same ni a ƙofa ina sa takalmi, ta ce, "Baffa, ka kai ni ruwa." Na dubi mahaifiyarta. Hajiya Luba ta ce, "Baffan Rukayya, amana ce. Ita kaɗai gare ni."

Da wannan magana a kaina na shiga shekarar da ban taɓa jin tsoro irin nata ba. Muka ɗauki jirgi mai kujera biyu, na wuce baya ba tare da na yi shawara da kowa ba, domin ni ne babba. Yarinyar ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta shiga gaba. Abin da ya biyo baya abin dariya ne ga wanda ke tsaye a gaɓa. Kowa ya miƙe ya nufi tsakiyar tafki, mu muna ta zagaye wuri ɗaya. In na gyara dama, hancin jirgi ya gudu hagu. Kocin ƙungiyar, wani dattijo ɗan Sudan mai suna Usman, ya sha ce mini in sassauta hannu, ni kuwa ina ji a raina wa zai koya wa Basarke ruwa. Ina tuƙi ina kallon ƙeyarta da igiyar rigarta ta kariya daga nutsewa, ina lissafin abin da zan gaya wa uwarta idan wani abu ya faru.

Mun yi watanni a haka, sai wata Juma'a iska ta taso muna nesa da gaɓa. Ta bugi jirgin ta gefe, ta fara tura mu wajen duwatsun jikin madatsa. Na sa filafili, jirgin ya ƙara ba iskar gefensa, ruwa ya fara shigowa cinyata. Sai na ji muryar da na yi wata da watanni ban ji ta da ƙarfi ba: "Baffa, khalas, ya isa, ɗaga naka! Kar ka taɓa ruwa." Na ɗaga. Daga kujerar gaba ta kafa filafilinta, ta ja baya, ta juya hancin jirgin ya fuskanci iska, ta ce in ja da ƙarfi kawai. Na ja har muka fita.

A gaɓa na zauna a ƙasa. Koci Usman ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce cikin Larabcinsa mai sanyi, ya ɗauka na sani, ai duk ranar da marigayi ya zo da 'yarsa, shi ke zama a gaba, ita a baya. Na juya na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta ce, "Abba ya ce a gidanmu ba a tayar da babba daga baya. Sai in shi ya tashi."

Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya fara zo mini. Mutumin da na bi a jirgi tun ina ɗan tatsitsi, bai taɓa ce mini zo ka gwada ba ko sau ɗaya, ga shi ya sauka ya bar wa 'yar yarinyar da Hausarta ma sai ta haɗa da Larabci. Daga baya na ga abin da ya gani. Ni ya san a bakin kogi na tashi, ina da sanin ruwa. Ita kuwa a hamada ya haife ta, ya san idan bai ba ta da hannunsa ba, babu kogin da zai ba ta. Sauran shekarar a gaba na zauna. Na gaba ba ya ganin na baya, yana dai jin yadda jirgi ke miƙewa, kuma sau da yawa nakan manta in buɗe baki zan ce "Yaya". A cikin wannan shekara ta koma cin abinci, ta koma yi mini tsiya a kan tumbina.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san me zai fara ba shi mamaki ba. Dir'iyyar da ya yi ta kai wa ruwa ta zama wurin da ba zai gane hanya ba, jirgin ƙasa yana ratsa gari, 'yarsa ita ke tuƙa mu a mota zuwa tafkin. Amma na san zai tambaye ni labarin gida, kuma labarin ba daɗi. Kowace damina sai mun ji jirgin kasuwa ya kife da mutane, an cika shi ya wuce kima, ba mai rigar kariya ko ɗaya. Irin wannan jirgi Rukayya za ta shiga, kuma ba wanda zai ba baƙuwa kujerar baya. Tsoron Hajiya Luba gaskiya ne, nawa ma bai fi nata sauƙi ba.

Makon jiya bayan mun fito daga ruwa na zaunar da ita. Ban ce kar ta je ba. Na ce ta tafi da rigarta ko za a yi mata dariya, kuma idan ta ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ta sauka ta jira na gaba, ko da za ta kwana a gaɓa. Ta ce, "Insha Allah, Baffa. Kuma in na sauka zan faɗa da ƙarfi, don wasu ma su sauka."

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, kabarinsa ma ba suna a kai kamar kowane kabari a ƙasar nan. Abin da ya bari shi ne yarinyar da ta san ruwa, ta san lokacin yin shiru da lokacin ɗaga wa babba murya. Ba ni da ikon in kulle wannan a ɗaki. Tsohuwar da ke jira a ƙetaren kogi kuwa ba ta ga gawar ɗanta ba, jikarta ce kaɗai abin da za ta taɓa. Na yanke shawara ba zan hana ta ba, saura in gaya wa Hajiya Luba. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansu ina juyowa, gobe in Allah ya kai mu zan ƙwanƙwasa.