Kwamandan Ruwa da Buhunan Citta

Ina koyar da tarihi a Kafanchan, kuma a da ba darasin da nake so kamar labarin wani kwamandan sojan ruwa na Ingila na zamanin da. Yakan tare jiragen wasu ƙasashe a teku, ya yi musu luguden igwa, ya kwashe zinariya da kayan yaji, ya banka musu wuta. Da ya koma gida aka ba shi sarauta. Har tsalle nake yi gaban allo ina kwaikwayon ƙarar igwa, ɗalibai na tafi.

Sai 'yan bindiga suka tare motar yayana a hanyar Zangon Kataf, maƙare da busasshiyar citta, noman shekara guda. Suka harbe direba, suka sari yayana da adda a kafaɗa, suka kwashe buhunan, suka ƙone motar. Ni na wanke masa jini a asibiti.

Da na koma aji, darasin nan ke jirana. Na dubi hoton kwamandan a littafin tarihi, na wurga littafin ta taga. Na ce, "Ku rubuta: ɗan fashi ne, jirgi kawai ya samu."